Ni da Baba Ƙarami a Aji Ɗaya

An kai ni lakol, wato makarantar boko, a kakar da ta gabaci sauke tutar Nasara. Gidanmu a Gangara yake, can gefen gari wajen hanyar rijiya. Gidan gandu ne mai jama'a, mahaifina ke riƙe da shi tun rasuwar kakanmu namiji. Wata safiya bayan an gama ɗaurin gero, dogarin sarki ya yi sallama a ƙofar gida ya ce ana son yaro ɗaya daga gidanmu, a kai shi ƙofar fada washegari. Kowa ya san ni ake nufi, don ni kaɗai ne namijin da ya fara famfara.

Mahaifina bai so a ɗauke ni ba, sai ya yi dabara. Yana da ƙane, autan Kaka, wanda muke ce ma Baba Ƙarami. Ya girme ni da shekara bakwai ko takwas, ya riga ya iya hauya, har yana bin layin manya a gandu. Mahaifina ya ce shi za a kai. A ganinsa da sun ga girmansa za su ce ya wuce lakol, su sallamo shi, gidanmu kuma ya fita haƙƙin sarki. Amma dogarin ya san gidanmu ciki da waje. Ya ce ba wannan aka kira ba, aka aiko aka tafi da ni. Mutumin da ya zo daga Tasawa don ɗaukar yara ya sa na zagaya hannuna ta bisa kaina in taɓo kunnena. Da ƙyar yatsana ya kai. Ya ce na isa. Sannan ya dubi Baba Ƙarami, ya yi magana da tafinta, tafinta ya ce yara ba su cika ba, shi ma ya tsaya. Gidan da aka nemi ɗaya ya ba da biyu. Kaka ta daɗe ba ta amsa gaisuwar mahaifina da sakin fuska ba.

Lakol ɗin rumfa ce guda ta kara da zana, a fili bayan kasuwa. Malami ɗaya ne, muna ce mashi Mushe. Saurayi ne dogo daga wata ƙasa ta bakin teku, Hausarsa ba ta wuce ta sayen nono da ƙwai ba. A cikin rumfar nan aka tara kowa: mu sabbin shiga a gaba a kan rairayi, waɗanda suka shekara biyu a tsakiya, manya masu shirin jarrabawa a baya a kan kututture. Tun da Baba Ƙarami sabon shiga ne, wurin zamansa a gaba yake, cikinmu. In ya zauna kansa yakan tare ma na baya allo, sai Mushe ya mai da shi ƙarshen layi jikin zana, inda rana ke shigowa ta huda. Ni kuma ina gefensa, don Kaka ta ce kada in rabu da shi.

Mushe ba shi da yadda zai yi ya raba kansa uku. In yana tare da manya, mu sai ya zana mana sanduna a allo ya ce mu yi ta kwaikwayo a ardwaz, wato ƴan allunan dutse da ake rubutu da alli. Mu cika, mu goge da miyau, mu sake cikawa, har rana ta take. Hannuna na sanduna, kunnena na baya. Haka na haddace sunayen koguna da lissafin sau-sau da manya ke rerawa, tun ban san harafi ko ɗaya ba. Ina rera su a hanyar rijiya kamar waƙar gaɗa, ban san abin da suke nufi ba. In kuma layinmu ya samu Mushe, sai manya su fara hayaniya a baya, ya bar mu a tsakiyar harafi ya koma can da bulala. Wata rana mukan tashi bai ce mana komai ba.

Da farko zaman Baba Ƙarami kusa da ni alheri ne. Manyan aji sukan ƙwace ma ƙanana ƙuli-ƙuli da ɗan dawon da iyaye suka ƙulla masu, su sa su share fili a madadinsu. Akwai kuma wani ƙashin jaki da ake rataya ma duk wanda aka ji ya yi Hausa, wanda ya tashi da shi a wuya ya sha duka. Manya ke riƙe da ƙashin, kuma kullum a wuyan ƙaramin yaro yake ƙarewa. Sai su taka maka ƙafa, ka ce wayyo, su ce ka yi Hausa. Ni ba wanda ya taɓa gwada mani haka. Baba Ƙarami bai ma yin magana, kallo kawai yake yi.

A gida shi uba ne gare ni. Ban taɓa faɗin sunansa ba. In na kawo mashi ruwa sai na durƙusa. Yana cin tuwo a akushin maza, ni ina ci da yara a ɗakin innata. In ya aike ni ba na tambayar dalili. Ban taɓa tunanin akwai wurin da wannan zai canza ba.

Da muka shiga haɗa baƙi, sai abin ya zo mani da sauƙi, shi kuma ya ƙi shiga kansa. Ba daƙiƙi ba ne. Ya san kowace akuya ta unguwarmu da uwarta, in ya dubi gona ya faɗi damin da za ta ba da, ba ya kuskure da yawa. Amma yatsunsa sun saba da ƙotar hauya, alli yakan karye mashi. Sannan kunya ta cinye shi. In muna maimaita karatu baki ɗaya, muryarsa da ta fara buɗewa takan fito daban a ƙarƙashin namu, ƴan tsakiya su fashe da dariya. Sai ya koma motsa leɓe kawai.

Mushe yana da wata doka. In ya tambayi yaro ya kasa, wani ya amsa daidai, to wanda ya amsa shi zai mari wanda ya kasa. Wata rana da hantsi ya nuna wata gaɓa a allo da tsinken kara, ya ce Baba Ƙarami ya karanta. Ya miƙe, kansa har yana taɓa rufin rumfa, ya yi shiru. Ni kuwa abin yana kan harshena, ban san sa'ad da ya fito ba. Mushe ya yi murmushi, ya yafito ni, ya nuna kumatun Baba Ƙarami.

Na tsaya. Wani daga cikin manya da ke yi mana tafinta ya ce, "Mushe ya ce ka mare shi."

Na ce, "Babana ne."

Ya faɗa ma Mushe. Mushe ya amsa da ƴan kalmomi. Yaron ya ce, "Ya ce nan ba baba, ɗalibi kawai."

Hannuna bai ma kai fuskarsa ba, sai da aka sa ya duƙo. Na shafa kumatunsa kamar mai kore ƙuda. Mushe ya ce ba haka ake yi ba, ya nuna yadda ake yi a kaina, har kunnena ya yi ƙara. Baba Ƙarami ya ce a hankali, da Hausa, ba tare da ya dube ni ba, "Yi mana, ka huta." Na mare shi. Wani a baya ya tuntsire da dariya. Aka kuma rataya ma Baba Ƙarami ƙashin jaki don ya yi Hausa.

Ranar ya riga ni tafiya gida, ina bin sawunsa daga nesa. Bai faɗa ma kowa ba, ni ma haka. Amma washegari kasuwa ta ci, kafin azahar labari ya iso ma Kaka a wurin masu daddawa. Ta dawo ko kayan miyar ba ta sauke ba ta kira ni.

"Da wane hannu?"

Na miƙa na dama. Ta riƙe shi tana dubawa kamar ba nawa ba.

"Wanga hannu ka ɗaga ma ubanka? Gobe kuma sai wa, ni?"

Innata tana bakin murhu, ba ta da ikon cewa komai a kan ɗanta na fari, sai ta shige ɗaki. Mahaifina ya zane ni da igiyar akuya. Da ya huce ya ji yadda abin ya faru, sai ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin Mushe da kaza a hannu. Ya roƙe shi ya raba mu, ko ya sallami ƙanensa. Mushe ya karɓe shi da mutunci, ya ma ba shi kujerarsa, amma ya ce rumfa ɗaya gare shi, ina zai kai ɗayanmu? Sallama kuwa ba a hannunsa take ba, in yaro ya ragu shi za a tambaya. Mahaifina ya dawo da kazarsa.

Daga nan na gane inda nake. In na amsa a lakol, in mari ubana, in sha duka a gida. In na ƙi mari, in sha duka a lakol. Hanya ɗaya ta rage, in daina sani. Sai na daina. In Mushe ya nuna allo, in sunkuyar da kai. In ya kira ni, in miƙe in yi shiru kamar yadda Baba Ƙarami ke yi, wani yaro ya zo ya mare mu duka biyu. Wannan bai dame ni sosai ba, don ba wanda zai kai ƙarata gida a kansa. Mushe ya yi mamaki da farko, ya ja kunnena, ya yi faɗa, daga baya ya gaji ya bar ni. Yara sun yi mashi yawa da zai tsaya neman abin da ya sami ɗaya.

Baba Ƙarami ya lura. Wata la'asar muna yankan ciyawa ya ce, "Kai, na san ka sani. Ka riƙa faɗi. Marinka ba ya mani zafi."

Na ce, "Na manta ne, Baba."

Ya ce, "Ƙarya kake."

Ana cikin haka damina ta zo, aka ce ƙasa ta samu mulkin kai. Aka yi kiɗa a ƙofar fada, aka yanka sa. Kaka ta yi murna fiye da kowa, don a ganinta lakol kayan Nasara ne, in ya tafi zai tafi da abinsa. Har ta sa aka ware ma autanta gayauna, ƴar gonar kansa, a gefen gandu. Da lokacin kaka ya yi sai ga dogari ya dawo yana shelar a koma lakol. Muka tarar an kafa sabuwar tuta a gaban rumfa, an koya mana sabuwar waƙa. Mahaifina ya je wurin sarki ya ce ai yanzu mu ke da kanmu. Sarki ya ce mashi yanzu ne ma gwamnati ke son ƴan lakol, don su za su zauna a buro, wato ofis, inda Nasara suka tashi. Aka ƙaro sabbin yara, rumfar ba ta ƙaru ba, Mushe bai zama biyu ba. Da aka zo matsar da yara zuwa layin tsakiya, aka bar ni da Baba Ƙarami a gaba. Muka koma zanen sanduna tare da waɗanda ko majina ba su iya sharewa ba.

Shekarar nan ta fi yi mashi nauyi. Sa'o'insa suna kokawa a dandali, suna zuwa gayya, ƴan mata na yi masu waƙa. Da rani ya yi suka ɗaura ƴan ƙunshinsu suka nufi Katsina cin rani. Shi kuwa kafin su tafi, kullum da safe ya ratsa ta gabansu da ardwaz a hammata, gashin baki ya fara tsiro mashi. Suna ce mashi angon lakol. Na yi ƙoƙarin koya mashi a bayan rumbu, inda ba mai ganinmu, ina zana baƙi a ƙasa da tsinke. A can yakan gane, har ya haɗa kalma biyu ko uku, ya yi dariya. Amma da ya miƙe a aji, ƙananan yara sun ɗago kai suna kallonsa, sai komai ya tsere. In kuma muka ji tafiyar mutum a bayan rumbu sai ya yi maza ya shafe rubutun da ƙafa, ya daka mani tsawa kamar aike ya ba ni na ƙi.

Cikin sanyin shekarar ya gudu. Mun tashi da safe ba shi a ɗakin samari, ba sandarsa. Kaka ta san inda ya nufa, ta ƙi faɗi. Mushe ya kai magana fada, don dole ne ya kai. Dogarai suka zo suka tafi da mahaifina, aka zaunar da shi a ƙofar fada cikin rana, aka ce nan zai riƙa wuni har yaron ya dawo. Mutum mai gida da iyali, masu wucewa kasuwa suna gaishe shi suna kawar da kai. Ni ke kai mashi fura da rana. Sai ya sha ya miƙo mani ƙwarya. Kaka ta daure kwanaki, sannan ta aika wani ɗan'uwanta can wani ƙauye kusa da iyaka. Baba Ƙarami ya dawo da ƙafarsa. Ya wuce kai tsaye fada, ya durƙusa gaban yayansa.

Mahaifina ya ce, "Ka dawo?"

Ya ce, "Na dawo, Yaya. Tashi mu je gida."

Washegari ya zauna a wurinsa jikin zana. Mushe bai dake shi ba. Na ga ya tsaya a kansa kamar zai yi magana, amma ba su da harshen da za su yi ta, sai ya wuce. Daga ranar ya daina tambayarsa karatu. Ya mai da shi mai ɗebo ruwa, mai gyaran zana in iska ta yaye, mai raba faɗa. Baba Ƙarami ya fi son haka, amma duk da haka sai ya zauna cikinmu daga safe har tashi, yana kallon waje ta hudar zana, inda ake kora shanu mashaya.

Tun da an daina tambayarsa, da na iya komawa amsawa. Na gwada. Sai na tarar abin ya zame mani jiki. In Mushe ya nuna ni, amsar tana nan a kaina sarai, amma harshena ya yi nauyi, in tsaya har a ce in zauna. Abin da ake koya ma layin tsakiya duk na iya shi daga saurare, har wani abu na manya. Ba wanda ya sani, ba kuma hanyar da za a sani, don Mushe ba shi da sukunin duba ardwaz ɗin kowa. Aka sake barin mu a gaba.

A shekara ta uku wani babban mai duba makarantu ya zo da mota, ɗan ƙasa ne, yana jin Hausa. Ya shiga rumfa ya tsaya yana kallonmu. Ya nuna Baba Ƙarami ya ce, "Wannan fa, mai gadi ne?" Aka ce ɗalibi ne. Ya sa shi da wasu manya biyu suka fito, ya dube su, ya ce ma Mushe wani abu da Faransanci cikin faɗa. Sannan ya juyo ya ce masu, "Ku je gida, kun wuce nan." Shi ke nan. Abin da kaza da roƙo da gudu suka kasa, mutumin nan ya yi shi yana tsaye, bai ko zauna ba. Baba Ƙarami ya ajiye ardwaz a gaban Mushe, ya fita. Ban ga murna a fuskarsa ba. Ya ɗan tsaya a fili kamar bai san inda zai nufa da hantsi ba, sannan ya bi hanyar gona, alhali rani ne, ba komai a can.

Mai dubawar ya yi ta tambayar yara. Da ya zo kaina ya nuna wani layi a allon manya, wataƙila don ya ga na fi na kusa da ni tsawo. Na san layin, zan iya karanta shi ido rufe. Ya ce da Hausa, "Karanta, yaro, kada ka ji tsoro." Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya jira kaɗan, ya girgiza kai, ya wuce.

Mushe bai ƙara shekara ba aka ce mutanen ƙasarsu su koma gida. Ya tafi da akwatinsa a motar gyaɗa, muka yi watanni ba malami. Wanda ya zo bayansa Bagobiri ne daga wajen Cadakori, dattijo mai haƙuri. Shi ma rumfa ɗaya ya samu, amma yakan bi layi yana duba abin da kowa ya rubuta. Shi ya ga ardwaz ɗina wata rana, ya ɗauka ya duba, ya ce, "Kai, mi kake yi nan gaba?" Ya mai da ni tsakiya a ranar, bayan ƴan watanni ya kai ni baya. Bai matsa mani in yi magana ba, ya bar ni in riƙa rubutawa. Na ci jarrabawar sartifika a Tasawa, amma da aka zo zancen wucewa kwaleji aka ce shekaruna sun haura. Waɗanda muka shiga tare, biyu sun riga sun wuce Maraɗi. Na dawo Gangara na kama hauya, daga baya na samu aikin awon gyaɗa a Agiye.

Baba Ƙarami ya tafi cin ranin da ya daɗe yana so, amma sa'o'insa sun riga sun san gari, sun yi iyayen gida, shi ya je baƙo. Ya yi rani biyu ya dawo, ya kama kiwon tumaki, ya yi aure a makare. Ya yi arzikin dabbobi daidai gwargwado, ya rayu har ya ga jikoki. Mun zauna gida ɗaya shekaru masu yawa, muna noma gandu ɗaya, bayan rasuwar mahaifina shi ya riƙe gidan. Da aka zo ɗaukar ɗansa na fari lakol, lokacin an gina azuzuwa na ƙasa, ni ya ce in kai shi. Ya raka mu har bakin kasuwa, ya ce yana da tunkiyar da zai duba, ya juya.